Injin Gona a Bakin Titi: Basirar Masu Wankin Mota a Jimeta

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, ƙurar hunturu ba ta barin mota da hasken fentinta ko na wuni guda a Jimeta da Yola. Tana wucewa sai zafin Maris da Afrilu ya sauka, ma'auni ya haura 40, sannan damina ta zo da taɓonta. Ga kuma Keke Napep da suka cika gari tun bayan da aka hana acaɓa, ga motocin haya da ke shigowa tashar Jambutu daga Gombe da Jalingo da Mubi, kowace ta sha hanya. Saboda haka wankin mota sana'a ce da ba ta yankewa a nan. Abin da ya fi burge ni a cikinta shi ne injin da ake aikin da shi, domin a wurare da yawa ba a kanti aka sayo shi ɗungurungum ba, haɗa shi aka yi.

Injin wanki na kamfani yana da tsada, galibinsa kuma da lantarki yake aiki, ga wuta ba ta da tabbas. Idan ya lalace, kayan gyaransa sai an aika Kano ko Legas. Sai matasa masu wankin mota suka waiwayi abin da ke kusa da su, wato kayan noma. Adamawa ƙasar manoma ce, masu noman rani a gefen Binuwai da tafkin Geriyo sun daɗe da sanin inji, kuma duk bakaniken unguwa ya san cikinsa da wajensa.

A nan ne gwani ke rabuwa da ɗan koyo. Sabon shiga yakan ɗauka injin ban-ruwa zai wadatar, tunda yana kwararo ruwa kamar da bakin ƙwarya. Amma yawa daban, ƙarfi daban. Injin ban-ruwa zai ƙarar da duro mai lita 200 cikin ƙanƙanin lokaci, taɓon da ya bushe a ƙarƙashin mota kuwa yana nan daram. Abin da ake bukata shi ne famfon feshin gona mai fistin uku, wanda ke ɗibar ruwa kaɗan ya matsa shi ta ƙaramar kafa har ya fito da kaifi. Shi ake sayowa, sau da yawa na hannu, a nemo ƙaramin injin fetur a haɗa su da bel. Injin yana juyawa kusan sau 3,600 a minti, famfon kuwa ba ya son ya wuce kusan 1,000, don haka ake sa ƙaramin faifai a jikin inji, babba a jikin famfo, gudun ya sauko daidai. Mutumin da bai taɓa zama ajin kimiyya ba zai dubi faifan nan biyu ya gaya maka ko za su zauna lafiya ko bel zai riƙa zamewa. Ni dai ban san sunan da ya dace da wannan ba in ba injiniyanci ba.

Sauran aikin na mai walda ne. Daga wajen 'yan gwangwan ake tsinto ƙarafa, a yanka, a haɗa gado, a ɗaure inji da famfo su fuskanci juna sak, a sa tayoyin tsohon baro domin a tura shi ɗaki da yamma. Ƙarƙashin injin akan shimfiɗa guntun taya ya shanye girgiza. Inda tiyo ke yoyo, robar tsohon tif daga wurin mai faci ce ke ɗaure shi tamau.

Sai dabarar da ba kowa ke lura da ita ba. Yashi shi ne ajalin famfo, yana cinye robobin da ke cikinsa, ruwan kogi da na rijiya kuwa ba sa rabuwa da shi. Don haka ake naɗe bakin tiyon da ke zuƙo ruwa da ƙyallen gidan sauro, a kuma ɗaga shi kaɗan kada ya taɓa gindin duro inda laka ke kwanciya. Akwai tiyo na biyu da ke mayar da rarar ruwa cikin duro duk lokacin da aka rufe bakin feshi, ta yadda ba a asarar ruwa, famfon ma ba ya fashewa. Wanda ke sayen ruwa jarka-jarka a hannun 'yan garuwa ya san darajar wannan tiyo. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, lissafin ya ƙara tsauri: a jiƙa mota, a kashe inji, a cuɗa da hannu, sannan a sake tayarwa don ɗauraya.

Wanda jarinsa bai kai nan ba yakan fara da famfon goyo mai lita 16, irin na feshin maganin ciyawa, sabo ko wanda aka wanke sarai, da bokiti biyu da guntun katifa a matsayin soso. Bokiti ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye soson, domin ƙwayar yashi guda da ta maƙale a ciki ta isa ta zane jikin mota. Masu lura kuma sun gane garin sabulun wanki yana dusar da fenti, sun koma sabulun ruwa, wanda mata da yawa ke haɗawa a gida.

Idan ka kai motarka wanki a Doubeli ko Karewa ko cikin Yola, ka daure ka leƙa injin da ke ruri a gefe, ka tambayi wanda ya haɗa shi. In kuma an gaya maka kuɗin aiki, ka tuna da fetur da ruwa da bel da giris duk daga ciki za su fita, ka biya ba tare da dogon ciniki ba.