Masallacin Zariya a Jos: Nazari a kan Abin da Gidan Tarihi Ke Iya Adanawa

A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim (1834-1846) ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya da tubali da azara. Ginshiƙansa da bakan gizonsa da tulluwarsa sun sa masana gine-gine suna lissafa shi cikin fitattun gine-ginen ƙasa na Afirka ta Yamma. A shekarun 1970 aka rufe shi da sabon gini na siminti, wani sashe na tsohon ya saura a ciki. Wanda ke son ganin kamanninsa na waje a yau, sai ya tafi Jos, inda aka gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya, bisa awon da Zbigniew Dmochowski, masani ɗan ƙasar Folan, ya yi.

Adalci ne a fara da yabo. Ba don wannan awo ba, da surar masallacin ta zama labarin baka. Wasu ɗalibai kan ɗauki gidan tarihi a matsayin ɗakin gumaka, su ƙaurace masa baki ɗaya, alhali Alƙur'ani ya yi ta kira zuwa ga duban kufan al'ummomin da suka gabata domin wa'aztuwa, kuma Suratu Yunus ta ambaci tsare gawar Fir'auna don ta zama aya. Kwafin masallaci kuwa babu ma shubuhar sura a cikinsa.

Sai dai aikin yana da rauni, kuma raunin daga tushe yake. Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe. A al'ada, jama'ar da ke salla a masallaci su ne ke fitowa su gyara shi kafin damina, kuma a wurin wannan aikin gayya ne yaro ke koyon kwaɓa ƙasa, da ɗaurin guga, da shafen makuba daga hannun magina. Kwafin da ke Jos ba shi da liman, ba shi da ladan, ba shi da jama'ar da za ta ji ciwon tsagewar bangonsa. Gyaransa ya rataya ne a wuyan hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da abin da kasafi ya ba ta, ga kuma ruwan Jos da ya fi na Zariya yawa. An adana sura, an bar sana'ar da ta haife ta tana mutuwa a inda take. A fiƙihun Malikiyya ma, manufar hubusi ita ce wanzuwar amfani tare da wanzuwar asali.

Wannan ya shafi Ikara da Makarfi da Kudan kai tsaye. A waɗannan garuruwa na ƙasar Zazzau ana rushe tsofaffin masallatai da zaurukan ƙasa, a maye gurbinsu da bulo da kwano, galibi da kyakkyawar niyya, ba tare da an ɗauki ko hoto ba. Nan ne ya kamata gidan tarihi ya shigo, ya auna, ya rubuta, ya zauna da tsofaffin magina tun suna da rai, ya kuma shawarci kwamitin masallaci kafin a sa diga. Jami'ar Ahmadu Bello tana kusa, tana da sashen nazarin gine-gine da na tarihi. Abin da ya rage shi ne limamai su yarda cewa faɗaɗa masallaci ba ya wajabta shafe aikin waɗanda suka fara gina shi.