Kisa da Larura a cikin «Sarraounia» na Abdoulaye Mamani

Littafin «Sarraounia», wanda Abdoulaye Mamani ya wallafa da Faransanci a 1980, ya ginu a kan tarihin rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta ratsa ƙasar Hausa a 1899, ta yi karo da Sarauniyar Aznan Lugu a watan Afrilu, ta ragargaza Birnin Ƙonni a watan Mayu. Tambayar da ke ƙarƙashin labarin ita ce: yaushe ne tilas ke halatta zubar da jini?

Hausa ba ta barin wannan tambaya a dunƙule. Tana da kashewa, da kisan kai, da kisan gilla, da ƙisasi, kowace kalma da nata hukunci. Saboda haka duk wanda zai mayar da littafin cikin Hausa domin karatun manya, zaɓen kalma kawai zai sa shi yanke shari'a. Mutanen Lugu sun kashe ne wajen kare gari, wannan yaƙi ne. Abin da ya auku a Ƙonni kuwa ba shi da suna sai gilla.

Uzurin irin wannan runduna shi ne buƙatar hatsi da ruwa da ƴan dako. Amma kalmar larura, yadda Hausa ta aro ta daga fiƙihu, tana da iyaka: takan halatta wa mai yunwa cin mushe, ba ta halatta masa ran wanda bai yi laifi ba. Balle larurar da mutum ya jawo wa kansa da shiga ƙasar da ba a gayyace shi ba.

Rauni ɗaya na littafin shi ne nauyin da ya ɗora wa halin Voulet shi kansa. Wannan ya yi kusa da bayanin da aka bayar a Faransa, cewa zafin Afirka ne ya taɓa hankalin hafsoshin. Ai abin bai zama babban abin kunya a can ba sai da aka harbe Kanar Klobb a Dankori ran 14 ga Yuli 1899. Mahaukaci ba shi da alhaki. In an kira kisan hauka, an wanke waɗanda suka aiko rundunar. Ya kamata mai fassara ya kiyayi kalmar hauka a nan.