JIKI YA FI KUNNE JI? SHARHI A KAN BULALA A MAKARANTUNMU

Ina godiya ga Edita da ya ba ni fili a wannan mujalla tamu mai albarka, tare da gaisuwa ga 'yan uwana ɗalibai na nan Jidda da na Makka da Madina da duk inda mujallar take isa.

Da wuya mu zauna hirar tarbiyya wani bai kawo maganar nan ba: "Ai mu ma an doke mu, ga shi kuma mun zama mutane." Daga nan sai a ɗora da karin maganar nan ta jiki ya fi kunne ji, a ce yaran yanzu sun lalace ne tun ranar da malamai suka fara jin nauyin ɗaga bulala. Wannan magana nake son yi wa sharhi, domin da yawa daga cikinmu idan mun kammala karatu aji za mu koma, wasu kuma ofisoshin ilimi, wanda ma bai koyar ba zai kai ɗansa makaranta. Ra'ayina shi ne a ajiye bulala a makarantunmu na boko da na Islamiyya da na allo, kuma mafi ƙarfin hujjojina a littattafan malamanmu na same su.

Da farko, ya mai karatu, dubi wanda yake faɗar maganar. Mu ne da muka jure, muka haye, har Allah Ya kawo mu Jami'ar Sarki Abdul'aziz ko Ummul Ƙura ko Jami'ar Musulunci ta Madina. To ina waɗanda muka fara aji ɗaya da su? A firamaren da na yi akwai wani yaro mai in'ina, wanda duk ranar da aka ce ya tashi ya karanta sai ya sha tsumagiya, domin malam yana ganin iskanci ne yake sa shi jan kalma. Muna aji huɗu ya daina zuwa, ya koma tasha yana bin mota. Irinsa ba sa halartar muhawarar ɗalibai, ba sa rubutu a mujalla, saboda haka ba a jin tasu shaidar. Idan za a yi wa bulala hisabi, sai a ƙirga da waɗanda ta kora.

Sannan mu tambayi kanmu a kan me ake dukan. Yarinya ta makara saboda sai da ta ɗebo ruwa ko ta kai tallan koko, a tare ta a bakin ƙofa da dorina. Yaro bai kawo kuɗin Laraba ba, ko uban bai biya kuɗin jarrabawa ba, a zane shi. Wani ya kasa lissafin da ba a fahimtar da shi ba, a sa shi kamun kunne ko tsallen kwaɗo cikin rana. A mafi yawan waɗannan, laifin na iyaye ne ko na talauci ko na koyarwar kanta, amma bayan yaro ne yake biya.

Masu kare bulala sukan kafa hujja da hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, wanda ya yi umarni a hori yara da salla suna da shekara bakwai, a doke su a kanta idan sun kai goma. Hadisin yana nan, ba mai musun sa. Amma a lura da abin da yake ciki. Maganar salla ce, da iyaye ake yi, kuma an sa shekara uku tsakanin umarni da duka, wato lokutan salla sama da 5,000 na tunatarwa da lallashi. Ta yaya wannan zai zama izini ga malamin aji ɗaya ya zabga wa ɗan shekara shida bulala don ya kasa bambance baƙi da wasali? Ga kuma ruwayar Muslim daga Nana A'isha cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba, da shaidar Anas ɗan Malik wanda ya yi masa hidima shekara goma tun yana yaro bai taɓa jin ko tsawa daga gare shi ba. Zancen nan kuwa da muka taso muna ji, wai duk inda bulalar malam ta taɓa wuta ba za ta ci wurin ba, zance ne na baka, wanda ya ce hujja ce sai ya kawo mana littafin.

Malaman Malikiyya ba su bar wannan mas'ala kara zube ba. Muhammadu ɗan Sahnun, wanda ya rasu a shekarar 870, ɗan mai Mudawwana, ya rubuta littafi a kan ladubban malaman yara a Ƙairawan, garin da mai Risalar nan da muke karantawa a zaure ya fito. Bayansa Alƙabisi, wanda ya rasu a 1012, ya faɗaɗa bayanin. Sun yarda da duka, amma dubi dabaibayin da suka yi masa: kada ya wuce bulala uku sai da izinin uban yaro, ko da izinin ma kada ya haura goma, kada malam ya yi duka yana cikin fushi, a nisanci fuska da kai, kada a wakilta wani yaro ya doki ɗan uwansa, kuma ya zama don amfanin yaron ne bayan nasiha ta gaza. Don Allah, jama'a, a cikin dukan da muka sha ko muka gani, kashi nawa ne ya cika waɗannan sharuɗɗa? Ina monita da aka ba tsumagiya ya rubuta sunayen masu surutu kuma ya hukunta su? Ina siniyoyin makarantun kwana, ina gardi a tsangaya? Abin da aka halatta da sharaɗi, idan aka ga sharaɗin ba ya cika kuma ba mai iya sa ido a kai, to toshe ƙofar ɓarna ƙa'ida ce sananniya a mazhabarmu.

Ibnu Khaldun ya wuce nan. A Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377 ya ware babi guda a kan yadda tsanantawa take cutar da ɗalibai. Taƙaicen bayaninsa shi ne, yaron da aka rena da ƙuntatawa yakan rasa karsashi, lalaci ya kama shi, ya koyi ƙarya da makirci, yana bayyana abin da ba shi ne a zuciyarsa ba don tsoron hannun da zai sauka a kansa, har wannan ya zame masa ɗabi'a. Bayan shekara 634, wato a 2011, wasu masana halayyar yara biyu, Victoria Talwar da Kang Lee, suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi a makarantu biyu a wata ƙasa ta Afirka ta Yamma, ɗaya ana duka, ɗaya ba a yi. An ajiye abin wasa a bayan yara 'yan shekara uku da huɗu, aka ce kada su waiwaya, mai gwajin ya fita. Yawancin yaran makarantun biyu sun leƙa. Da aka tambaye su, sai aka ga 'yan makarantar da ake duka sun fi yin ƙarya nesa ba kusa ba, kuma sun fi iya kare ƙaryar idan aka ci gaba da tambaya. Haka nan a 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor sun tattara binciken shekara hamsin da ya shafi yara sama da 160,000, ba su ga alamar duka yana gyara hali ba, sai dai alaƙarsa da ƙaruwar taurin kai da faɗa da damuwa. Jiki yana ji, wannan gaskiya ne, amma darasin da yake ɗauka shi ne yadda zai kauce wa kamu. Duk lokacin da muke kukan satar jarrabawa da aikin ganin ido a ofisoshinmu, ya kamata mu tuna da wannan.

Wasu za su ce hana duka kwaikwayon Turawa ne. To mu duba tarihi. Dokar final kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ita ce a sashe na 55 ta ba malamin makaranta damar hukunta yaron da bai kai shekara 18 ba muddin bai yi masa mummunan rauni ba. Wannan doka an ɗinka ta ne a kan ta Sudan, wadda ita kuma ta samo asali daga wadda Ingila ta yi wa Indiya a 1860. Ke nan rigar da bulalar boko take sanye da ita ɗinkin 'yan mulkin mallaka ce, kuma ma'aunin da ta sa, wato mummunan rauni, ya fi na Ibnu Sahnun sako-sako ƙwarai. Su masu ɗinkin sun tuɓe tasu, domin majalisar Birtaniya ta hana duka a makarantun gwamnati a 1986. Afirka ta Kudu ta bi a 1996, Kenya a 2001. Mu kuwa mun ga inda rashin iyaka yake kaiwa a watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutane kusan 300, manya da yara, daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, kafin a sake gano wani a Daura a watan da ya biyo. Iyaye ne suka kai su da hannunsu, da sunan gyara.

Ƙasar da muke zaune a cikinta ma abin lura ce, tunda ba wanda zai ce Saudiyya ba ta san hadisin Abu Dawud ba. Dattawan Jidda suna ba da labarin falaƙa a makarantun allonsu na da, wato sanda mai igiya da ake ɗaure ƙafafun yaro a doki tafin, da yadda uba yakan ce wa malam nama naka ne, ƙashi namu. Yau Ma'aikatar Ilimi ta hana duka a makarantu, an kafa dokar kariya daga cutarwa a 2013 da ta kare yara a 2014, har a 2020 Kotun Ƙoli ta daina amfani da bulala a hukuncin ta'aziri ga manya. A madadin duka, ɗalibi yana da makin ɗabi'a da ake rage masa gwargwadon laifinsa, a kira waliyyinsa, a sa shi rubuta alƙawari, a haɗa shi da malami mai ba da shawara. Ban ce komai ya daidaita ba. An sha ganin bidiyon malami yana duka ya bazu a wayoyi har hukuma ta shiga bincike, kuma akwai malamai masu kukan cewa kwarjininsu ya ragu. A tsakanin 'yan uwanmu Hausawa mazauna unguwanni irin su Karantina da Sabil ma, na ga mai koyar da yara karatu a gida da guntun tiyo a gefensa. Darasin shi ne takardar umarni kaɗai ba ta cire bulala daga hannu, sai an ba hannun wani abin riƙewa.

A nan ne nake ganin wajibi ne mu yi wa malamin gida adalci. Mutumin da aka tara wa yara fiye da ɗari a aji ɗaya, wasu a ƙasa, ba littafi, albashi ba ya kai shi tsakiyar wata, ba a kuma taɓa koya masa wata hanyar tafiyar da aji ba, idan ka ce ya ajiye bulala dole ya tambaye ka da me zai riƙe su. Halin da makarantu suke ciki ne ya sa gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, shekara guda bayan jihar ta samu dokar kare yara. Amma talauci ba ya hana gyara. A gundumar Luwero ta Yuganda an gwada wani shiri na ƙungiyar Raising Voices a makarantun firamare 42, inda a rabinsu aka horar da malamai hanyoyin ladabtarwa ba da duka ba, aka sa ɗalibai cikin tsara dokokin makaranta. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna haɗarin dukan da yara suke sha daga malamai ya ragu da kashi 42 cikin ɗari a shekara ɗaya da rabi. Makarantun nan ba su fi na Bichi ko na Funtuwa wadata ba.

Saboda haka ga shawarata. Kwalejojin horar da malamai su mayar da dabarun tafiyar da aji darasi na dole, a aikace. Ma'aikatun ilimi na jihohi su fito da doka a rubuce wadda ta hana duka, ta kuma jera hukuncin da zai maye gurbinsa daki-daki, tun daga nasiha a keɓe, da hana yaro wani abin da yake so, da sa shi gyara abin da ya ɓata, har zuwa kiran iyaye. Laifin da yake na uba, kamar kuɗin makaranta, a nemi uban. A karɓe tsumagiya daga hannun monita da siniya da gardi tun yau, domin wannan ko masu halatta dukan ba su yarda da shi ba. Alarammomi da limamai kuma a zauna da su da littafin Ibnu Sahnun a buɗe, za su fi sauraron sa a kan takardar wata ƙungiya daga waje.

Mu kuma 'yan uwa ɗalibai, musamman masu karatun Shari'a da Tarbiyya, muna da aiki a gabanmu. Waɗannan littattafai suna nan a ɗakunan karatun jami'o'inmu, kuma mun iya harshen da aka rubuta su da shi. Me zai hana ƙungiyarmu ta ɗauki nauyin fassara littafin Ibnu Sahnun da babin nan na Muƙaddima zuwa Hausa, a buga su ƙanana, a raba wa malaman Islamiyya da na allo idan mun je hutu? Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma duk wanda ya taɓa tanƙwara ɗanyen icce ya san a hankali ake yi, in aka yi da ƙarfi karyewa yake.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya ba mu ilimi mai amfani.