Wa Zai Rubuta Labarin Tsofaffinmu Mata?

Littattafai biyu na kammala kwanan nan, ɗaya ƙagagge, ɗaya na gaske, kuma dukansu labarin rayuwar mace a gidan aure suke bayarwa. Na farko shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. A cikinsa, Rabi na da 'ya'ya tara, mijinta Alhaji Abdu ya auro Delu, ya kori Rabi da yaran. Inda littafin ya fi ƙarfi a wurina shi ne lokacin da Rabi ta kama sayar da abinci don ta riƙe 'ya'yanta. Balaraba ta san zafin kuɗin cefane idan maigida ya hana. Mayar da Rabi gidan da aka yi bayan gobara ta cinye dukiyar Alhaji bai kwanta mini ba, amma ban ga ƙarya a ciki ba.

Na biyun ne ya hana ni sukuni. Baba of Karo labarin wata tsohuwa ce Bahaushiya da ta zauna da Baturiya Mary Smith a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, ta kwance mata rayuwarta kaf. Ta faɗi yadda mahara ke kwashe mutane su sayar, da yadda dangi ke harhaɗa dukiya su fanso nasu. Ta faɗi zuwan Nasara, da aurenta huɗu, da rashin haihuwa, da ƙawance da zaman kishi, ba tare da neman a tausaya mata ba. Ko a ƙagaggen labari ban cika gamuwa da mace mai wannan kaifin baki ba. Da Hausa Baba ta yi maganar, amma da Turanci littafin ya fito a 1954, kuma da Turancin duniya ta san shi.

Ƙagaggun labarai kam Allah ya hore mana. Tun zamanin adabin kasuwar Kano ake zubo su, yau ga su a WhatsApp da Wattpad, ga gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 tana fito da sababbin marubuta mata. Ina murna da wannan. Rubutun gaskiya ne ya ja baya. A da Abubakar Imam ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi a kan zuwansa Ingila, Waziri Junaidu ya ba mu Tarihin Fulani, Abubakar Dokaji ya yi Kano ta Dabo Cigari. Yanzu idan ka ji an buga tarihin rayuwa, galibi na gwamna ne ko attajiri, da Turanci, a yi taron ƙaddamarwa a tara kuɗi, littafin ya tafi kanta ya kwanta.

Alhali kuwa irin su Baba suna nan a ɗakunanmu. Akwai waɗanda aka kai mazansu yaƙin basasa a 1967, akwai waɗanda suka yi goyo cikin farin 1973, akwai waɗanda aka aurar tun ba su san mene ne aure ba. Marubutanmu mata sun fi kowa damar wannan aiki, domin suna shiga har ƙuryar ɗakin da namiji ba ya wuce zaurensa, kuma wayar da suke rubutu da ita tana naɗar murya. Ina roƙon ko da ɗaya daga cikinsu ta ajiye labarin soyayyar da take kai na shekara guda, ta je ta zauna gaban kakarta, ta rubuta mana abin da ta ji da Hausar da tsohuwar ta faɗe shi.