Littafin da Ya Tsaya a Madadin Takardun da Aka Ƙone

A 2005 wata malamar tarihi Ba'amurkiya, Caroline Elkins, ta wallafa littafi mai suna Britain's Gulag, game da sansanonin da Turawan Ingila suka tsare Kikuyu a Kenya zamanin Mau Mau. Ta tarar an ƙone takardu da yawa kafin mulkin kai na 1963, sabo da haka ta nemi shaida daga bakin tsofaffi.

Nan ƙarfin littafin ya ke, nan kuma rauninsa. Inda tsoho ya faɗi abin da aka yi wa jikinsa, magana ta zauna. Inda ta ƙiyasta yawan matattu kuwa, masana sun yi mata gardama, don ba a ƙidaya abin da wuta ta ci.

A 2011 Gwamnatin Ingila ta amsa cewa ta ɓoye waɗansu takardu. A 2013 ta yarda ta biya mutum 5,228 diyya. Amma mutum 11 da aka kashe da duka a sansanin Hola a 1959, ba a gurfanar da kowa a kansu ba. Wanda ya ƙone shaida ya ci shari'a tun alƙali bai zauna ba.