Daga Allon Kwamfuta zuwa Bakin Injin Yanka: Nazari kan Sabon Salon Gini

A 1992, shekarar wasannin Olamfik na Basalona, an kafa wani ƙaton kifi na ƙarfe a bakin teku, aikin mai zanen gine-gine Frank Gehry. Lanƙwasar kifin ta gagari takarda da fensir, sai ofishinsa ya ari manhajar CATIA, wadda kamfanin Dassault na Faransa ya ƙirƙira don ƙera jiragen sama. A 1997 aka buɗe gidan adana kayan fasaha na Guggenheim a Bilbao, shi ma aikin Gehry da wannan manhaja, wanda aka lulluɓe da faranti na ƙarfen titaniyam kimanin 33,000, kowanne kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Tun daga nan wannan hanya ta zauna da gindinta.

Mutane da yawa sun ɗauka kwamfuta ce ta zana ginin. Alhali kuwa a lokacin Gehry da hannu yake fara aiki, da kwali da katako, yana lanƙwasawa yana mannawa. Daga baya ake bin jikin samfurin da na'urar awo, a kwashe siffarsa zuwa kwamfuta, ita kuma ta fitar da tsawon kowane ƙarfe da gurbinsa, ta miƙa wa injin yanka kai tsaye.

A nan canjin yake. A da, arha tana cikin maimaici: bulo iri ɗaya, taga iri ɗaya, domin duk abin da ya fita daban sai an sake awo, an sake ma'auni, an biya gwani. Injin da kwamfuta ke sarrafawa kuwa bai damu ba ko yanka dubu iri ɗaya ne ko kowanne da kamarsa. Da wannan takunkumi ya kau, sai nauyi ya koma kan mai zane: tunda ana iya bambanta kowane yanki, don me za a bambanta shi?

Amsar da ta fi gamsar da ni tana Hambug ta Jamus, a zauren kiɗa na Elbphilharmonie da aka buɗe a 2017, aikin Herzog da de Meuron tare da masanin sauti Yasuhisa Toyota. Bangon babban zauren da silinsa an rufe su da faranti kusan 10,000 na farar ƙasa mai haɗe da zare, babu biyu masu kama ɗaya. Wanda ya matsa kusa zai ga fuskarsu cike da ƙananan ramuka, wani mai zurfi wani sama-sama, kamar an dangwala yatsa a ɗanyen yumɓu. Zurfin kowane rami da faɗinsa lissafi ne ya tsayar da su, domin sauti idan ya bugi bango ya watsu daidai, na kujerar ƙarshe ya ji abin da na gaba ya ji. Ado da amfani sun zama abu guda, kuma da hannu kaɗai aikin nan ba zai yiwu ba. A sassaƙa ma an ga irin haka: Cloud Gate na Anish Kapoor a Shikago faranti 168 ne da aka siffanta da taimakon kwamfuta, amma masu walda da masu goge ƙarfe ne suka ɓatar da layin haɗin har ido ya kasa gano shi.

Sai dai sauƙin nan ya zo da sakaci. A kan allo gini ba ya jin rana, ba shi da maƙwabta, kuma mai zane yana iya shagala da kyan siffa ya manta da ƙasar da za a kafa ta. Gehry kansa bai tsira ba. Zauren kiɗa na Walt Disney a Los Anjeles, wanda aka buɗe a 2003, yana da wani sashe na ƙarfe mai sheƙi kamar madubi, lanƙwasarsa tana tattara hasken rana ta watsa wa gidajen da ke tsallaken titi. Ɗakunan mutane suka ɗau zafi, hasken yana kashe wa direbobi ido. A 2005 dole ma'aikata suka hau ginin da injinan gurza, suna bin farantan suna dusashe sheƙinsu.