Jinjina ga zabiyoyin gaɗa

A Japan, watan Maris ne lokacin yaye ɗalibai, kuma waƙoƙin bankwana da makaranta kan sa dattijo ƙwalla. A Mallawa da ƙauyukan Dungas da Magariya a Nijar, masu yi mana wannan aiki 'yan matan gaɗa ne.

Ba ganga, ba kalangu. Tafi ne kawai a dandali idan farin wata ya fito bayan kaka: zabiya ta bayar, sauran su amsa, ɗaya ta faɗo da baya a cafe ta a cilla sama. Cikin baiti biyu zabiya takan yabi saurayi, ta yi wa kishiyar uwa habaici, ta koka da auren dole, ba takarda ba alƙalami. Wannan fasaha ce, ko da ba a koyar da ita a lakwal.

Bayan 1974, da gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da ƙungiyoyin matasa na Samariya, irin waɗannan muryoyi suka hau dandamalin gasar matasa, rediyon Voix du Sahel ya kai su ko'ina cikin Nijar. Yawancin zabiyoyin nan yau kakanni ne, kuma ya kamata jikokinsu masu riƙe da waya su naɗi muryoyinsu tun suna raye.